Masu kukan an cire mysql_connect, ku zo mu yi ta

Akwai wata shawara da ke yawo a tsakaninmu 'yan aji huɗu duk shekara idan lokacin furojek ya kama, kuma bana har a bakin masallaci bayan isha'i ana ba da ita, shi ya sa na ce bari in yi magana ko da za a ce na cika iyayi. Shawarar ita ce: idan kod ɗinka ya ƙi tashi, allo ya rubuto maka Call to undefined function mysql_connect(), kada ka wahalar da kanka, goge XAMPP ɗin da ka sauke, ka nemi tsohon nan mai PHP 5.6 a filash ɗin wani ka zuba, shikenan komai ya dawo daidai. Sai a biyo da zagin mutanen PHP. Wai 'yan ganin dama ne, abu yana aiki lafiya ƙalau shekara da shekaru sun tashi dare ɗaya sun cire, ba su san halin da ɗalibin Najeriya ke ciki ba, ba wuta, ba data, ga sufabaiza na jiran babi na huɗu.

Toh ni dai ra'ayina ba a ɓoye yake ba. Sun yi daidai da suka cire shi, in ma suna da laifi to jinkirin da suka yi ne. Wanda kuma ya ba ka tsohon XAMPP, ya share maka hawaye ne da hannun da ya taɓa barkono.

Bari in fara da abin da aka cire ɗin, don na lura yawancin masu makokin ba su ma san wanda ya mutu ba. Duk shafin da ke karɓar suna da kalmar sirri sai ya tura tambaya zuwa rumbun bayanai. A tsohuwar hanyar nan ta mysql_query, umarnin da ka rubuta da abin da baƙo ya buga a akwatin shiga ana liƙa su ne wuri ɗaya su zama jimla guda, a miƙa wa rumbun. Ka ɗauka ka rubuta wa mai sito takarda ka ce "ba wa wane kayansa", ka bar gurbin suna ka miƙa wa baƙo ya cike da hannunsa. Mutumin kirki zai rubuta Audu. Ɗan iska zai rubuta "Audu, ko kuma duk wanda ya kawo takardar nan". Mai sito ba ya bambance rubutunka da na baƙo, sai ya buɗe ƙofa. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan aka buga ' OR '1'='1 a shafin shiga, kuma tun 1998 aka yi bayanin dabarar a fili, yawancinmu ba a ma haife mu ba. Maganinta sananne ne: umarni ya tafi ta hanyarsa, abin da baƙo ya buga ya tafi ta tasa, kada su haɗu. Tsohon mysql ɗin nan ba shi da wannan hanya kwata-kwata. Abin da kawai za ka iya shi ne ka riƙa wanke kowane rubutu da hannu kafin ka liƙa, a kowane layi, a kowane shafi, ba mantuwa ko sau ɗaya. Wa ya taɓa rubuta kod ƙarfe biyun dare da fitilar waya bai manta komai ba?

Sannan maganar "dare ɗaya" ɗin nan, haba jama'a. An kawo mysqli, wanda ke da hanyar tsaron, tare da PHP 5 a 2004. PDO ya biyo a 2005. A 2013, da PHP 5.5, aka fara buga gargaɗi a allo cewa tsohon zai tafi. Sai Disamba 2015, da PHP 7, aka cire shi. Shekara 11 ke nan tsakanin zuwan magaji da tafiyar tsoho. WordPress, wanda ke ɗauke da shafuka bila adadin a duniya, ya shirya nasa ƙaura tun 2014. Mu da muka sha canjin kuɗi ai mu ya kamata mu fi kowa sanin bambancin cirewa da hankali da cirewa da hauka. An sanar a ƙarshen Oktoba 2022, sababbin takardun suka fito 15 ga Disamba, aka ce 31 ga Janairu tsofaffin sun mutu, alhali sababbin ba su ma wadata ba. Kowa ya tuna yadda muka riƙa sayen naira da naira a wajen masu POS, da layin ATM tun asuba. Wannan shi ake kira dare ɗaya. Mutumin da ya ba ka magaji, ya jira shekara tara, ya yi maka gargaɗi, ya ƙara jira shekara biyu da rabi, ba za ka ce ya yi maka ba-zata ba.

To me ya sa har yau yake cizonmu? Saboda handawut. Akwai kwas ɗin da muka yi a aji uku, ba zan faɗi malamin ba, shi ma ya san kansa, handawut ɗin fotokwafin fotokwafi ne har haruffan sun fara narkewa, kuma mysql_connect ne a shafi na farko na babin rumbun bayanai. Muka biya kuɗi muka saya, muka haddace, muka zuba a jarrabawa, aka ba mu maki. A takarda ai kowane kod yana tashi. Ga kuma shagunan bakin get masu sayar da furojek, "oga which topic", su zuba maka tsarin rajistar asibiti da wani ya rubuta tun zamanin Jonathan, a canza sunan makaranta da kalar shafi. Idan abin ya fashe a sabon PHP, ba a zagin mai shago, ba a zagin mai handawut, sai wasu bayin Allah da ba su karɓi ko sisinmu ba.

Yanzu ga hujjar da na fi ji daga waɗanda suka ɗan iya kod, su ne ma suka fi taurin kai. Suna cewa wuƙa ba ta da laifi, mai riƙe ta ne. Don wani ya yanke yatsa ba a hana mahauci aiki. Manhajar ofin sos, wato wadda kod ɗinta ke fili kowa ya gani ya ɗauka ya gyara, an gina ta ne a kan 'yanci, don haka a bar kowa da zaɓinsa, wanda bai iya ba ya je ya koya. Magana ce mai daɗin ji. Amma wuƙa tana da ƙota, akwai inda ake kamawa lafiya. Wasu abubuwan da muke magana a kansu reza ce tsirara, ta ko'ina ka kama sai ta sha jini.

Dubi gets a yaren C, wanda shi ma har yau yana cikin wasu handawut ɗin aji ɗaya. Aikinsa ya karɓi abin da mutum ya buga ya zuba a mazubin da ka tanada. Matsalar ita ce babu yadda za ka gaya masa girman mazubin. Ka ajiye kwano mai cin mudu ɗaya, baƙo ya zo da buhu, shi dai juyewa zai yi ta yi har ya malale kan abin da ke maƙwabtaka, kuma mai wayo yana iya tsara abin da zai malala ya zama umarni. Ba gwani ba ɗan koyo, babu wanda zai iya amfani da shi lafiya a kan rubutun da bai san tsawonsa ba. A Nuwamba 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta da ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet ɗin wancan lokacin, kuma ɗaya daga ƙofofin da ta bi gets ne. Kun san yaushe aka cire shi daga ƙa'idar yaren C? 2011. Shekara 23 ana cewa a bar shi, tsofaffin manhajoji na amfani da shi, a dai rubuta gargaɗi a littafi. Waye ke karanta gargaɗi? Mu da ko takardar da ke cikin kwalin magani ba ma buɗewa.

PHP ma yana da nasa da ya fi mysql muni, register_globals. Idan yana kunne, duk abin da baƙo ya rubuta a ƙarshen adireshin shafi sai ya shigo cikin kod ɗinka kai tsaye kamar kai ka saka shi. Ka rubuta cewa idan admin gaskiya ne a buɗe shafin shugaba, ka manta ba ka fara saita shi a ƙarya ba, sai wani ya ƙara ?admin=1 a adireshi, ya zama shugaba. An yi shi ne don sauƙaƙa wa 'yan koyo, kuma 'yan koyon ya fi kashewa. Sun kashe shi a saitin farko a 2002, mutane suka yi ta kunnawa da hannu don tsofaffin shafukansu su ci gaba da aiki, har sai da aka tumɓuke shi gaba ɗaya a PHP 5.4 a 2012. Wannan ya nuna mana wani abu: muddin makunnin yana nan, wani zai rubuta a intanet cewa "kunna kaza matsalarka ta warware", dubu su kwafa. Daidai da shawarar tsohon XAMPP ɗinmu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Log4j, don masu son Java kada su ce na bar su. Ƙaramar manhaja ce mai aikin rajista, tana rubuta wane ya shigo, ya nemi kaza, ƙarfe kaza, kamar littafin maigadi a get ɗin hostal. A 2013 aka ƙara mata wata dabara: idan rubutun da za ta shigar yana ɗauke da wata alama ta musamman, sai ta bar rubutu ta tafi adireshin da aka ambata ta ɗauko abin da ke can. Wato maigadi ya tambaye ka sunanka, ka ce sunana "je gidan wane ka karɓo saƙo ka aikata abin da ke ciki", shi kuma ya ajiye biro ya kama hanya. Shekara takwas abin yana zaune, mafi yawan masu amfani da manhajar ba su ma san yana ciki ba. A Disamba 2021 ya fashe. An ba matsalar maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, har ta akwatin hira na wasan Minecraft ana shiga sabar mutane, manyan kamfanonin duniya suka kwana a ofis. Masu kula da Log4j kuma 'yan sa-kai ne ƙalilan a ƙarƙashin Apache. Ɗaya daga cikinsu, Volkan Yazıcı, ya fito ya koka cewa ba sa barci, ba a biyansu, ana ta zaginsu a kan dabarar da su kansu ba sa so, sun bar ta ne kawai don kada su karya wa tsofaffin masu amfani aiki. Cikin 'yan kwanaki suka cire ta daga saƙonnin rajista. Abin da aka kasa yi cikin shekara takwas saboda kunyar mutane, an yi shi cikin mako ɗaya bayan gobara. Kuma masu zagin nan, wallahi da an cire tun 2016 su ne dai za su fito su ce an taɓa musu 'yanci.

Abin da masu hujjar wuƙa ke mantawa shi ne ba mai kod ne ke yankewa ba. Kai ka yi difens ka tafi bautar ƙasa. Amma furojek ɗin nan ba ya mutuwa a laburare. Kawunka mai makarantar kuɗi a gida zai ce ai ɗanmu ya karanta kwamfuta, zo ka yi mana fotal. Wani kilinik a unguwa zai ce yi mana rajistar marasa lafiya. Ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabo za ta ce yi mana na adashi. Me za ka ɗauko? Wanda ka sani, wanda ya ba ka A. Sai sakamakon yara, lambar wayar iyayensu, gwajin jinin matar wani, su zauna a bayan ƙofar da yaro ɗan sakandare zai buɗe da layi ɗaya da ya gani a YouTube. Matar nan ba ta zaɓi PHP 5.6 ba, ba ta san ma akwai shi ba, wanda kuma aka daina toshe wa ramukan tsaro tun ƙarshen 2018. A Birtaniya, kamfanin sadarwa na TalkTalk ya gaji wasu tsofaffin shafuka daga wani kamfani da ya saya a 2009, ya bar su a buɗe. A 2015 aka bi ta cikinsu da wannan dabarar dai ta cusa umarni a rumbu, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000. Mu ma nan tun Yuni 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita. Ranar da aka zo tambaya, "haka aka koya mana a makaranta" ba amsa ba ce.

Rijiya ce a tsakar gida ba murfi. 'Yan gida sun san inda take, ko cikin duhu suna kewaye ta, har suna alfahari kakanmu ne ya haƙa. Baƙo da yaro mai rarrafe su ne ba su sani ba. Ga famfo an jawo tun shekara goma. Kai kuma kana cewa a bar ta, ai wanda ya faɗa shi ne bai kula ba.

Ban ce ɗaya ɓangaren ba su da abin faɗa ba. Linus Torvalds, mai Linux, ya shahara da ƙa'idar cewa duk gyaran da ya karya wa mai amfani manhajarsa to gyaran ne ke da laifi, kuma wannan taurin kan na cikin abin da ya sa duniya ta yarda ta ɗora kayanta a kan Linux. Python kuma sun nuna yadda canji ke iya zama azaba. Python 3 ya fito a 2008, ya gyara abubuwa na gaske, ciki har da input na Python 2 da ke ɗaukar abin da mutum ya buga ya gudanar da shi a matsayin kod, amma sun canza abubuwa da yawa a lokaci guda har jama'a suka ƙi tashi. An sa 2015 za a rufe tsohon, dole aka ɗaga zuwa 2020. Na kuma san akwai ofis ɗin da wanda ya rubuta musu manhaja ya bar ƙasar, ba su da kuɗin ɗauko wani, ranar da mai saba ya sabunta PHP sai aiki ya tsaya cak. Wannan ciwo ne na gaske, kuma mu talakawa ya fi kamawa. Sai dai ofis ɗin da ya tsaya ya san ya tsaya, zai nemi mai gyara. Wanda ake kwasar bayanansa ta ƙofar baya yana nan yana murna komai na tafiya.

Kuma ba cewa nake duk abu mai kaifi a cire ba. Umarnin rm a Linux yana iya share maka komai, ba wanda ya ce a cire shi, don ba a rayuwa ba sharewa. Abin da mutanen GNU suka yi shi ne tun 2006 suka sa ya ƙi share tushen kwamfuta gaba ɗaya sai ka ƙara wata kalma da ke nuna da gangan kake. An yi wa wuƙar kube ke nan. Tambayar da nake yi wa kowace tsohuwar dabara ita ce, idan mutum mai matsakaicin sani, a gajiye, ya yi amfani da ita ta hanyar da ta fi zuwa masa a hannu, lafiya zai fita ko rami zai haƙa wa wasu? Sannan akwai abin da zai maye gurbinta? Idan rami ne kuma ga magaji, tsufanta ba hujja ba ce. Tsufan ma shi ne ya ba ta lokacin shiga handawut dubu.

Batun 'yanci kuwa, abeg a daina. Ba wanda ya shigo ɗakinka ya goge maka komai. Kod ɗin tsohon mysql yana nan an ajiye shi a gefe, mai so ya ɗauko ya haɗa da kansa, lasisi ya ba shi dama. Abin da aka daina shi ne miƙa shi ga kowane ɗan koyo a cikin kwali. 'Yancin da kake nema shi ne wasu mutane su ci gaba da yi maka gadin abin da suka ce ba su yarda da shi ba, kyauta, har abada, kuma idan ya fashe sunansu ne zai ɓaci. Ko ɗan dako ba ya yarda da wannan ciniki.

Saura ku 'yan dabara, na gan ku. Waɗanda suka gano cewa idan aka bi kod aka ƙara harafin i, mysql_query ya koma mysqli_query, aka ɗan juya abin da ke cikin baka, shafi zai tashi. Zai tashi kam. Ramin kuma yana nan inda yake, don har yanzu liƙa rubutun baƙo kake yi a jikin umarni. Cirewar ba ta yi maka tsaro ba, ta dai tsayar da kai a daidai layin da ya kamata ka tsaya ka yi tambaya. Prepare, bind, execute, layi uku ne zuwa huɗu. Wanda ya iya haddace handawut mai shafi 60 daren jarrabawa ba zai ce wannan ya gagare shi ba.

Malamanmu kuma, da girmamawa, Allah ya ƙara muku lafiya, mun san albashi ba ya isa kuma aji ya yi yawa. Amma a difens ana ɓata minti 20 a kan tazarar layi da ko an sa waƙafi a jerin manazarta, ba a taɓa samun wanda ya jawo kwamfutar ya buga ' OR '1'='1 a shafin shiga ba. Daƙiƙa goma ce. A yi wa mutum uku na farko a gaban kowa, ku ga idan shagunan bakin get ba su sabunta hajarsu kafin sati ya zagayo ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ina ajin da ke kusa da lab, in an bar mana wuta. Duk wanda furojek ɗinsa ya ƙi tashi, namu ko Bayarabe ko Ibo, mace ko namiji, ya zo da kwamfutarsa da caja, wani kuma ya taimaka da soket mai baki da yawa. Za mu bi fayil ɗin shiga layi-layi mu mayar da shi PDO, sauran shafukan ka ƙarasa da hannunka. Wanda ya saya ne bai san ko ina fayil ɗin yake ba, shi ma ya zo, ba zan faɗa wa kowa ba.